Shin har yanzu gani ya kori ji?

Ya kai mai karatu, tun muna yara muke jin manya suna cewa gani ya kori ji. In mutum biyu suna gardama a kan iyakar gona, wanda ya je ya gani da idonsa shi ake ba gaskiya. Da hoto ya zo, sai muka ɗauke shi tamkar ido. In an nuna maka hoto cikin salula, sai ka ce magana ta ƙare. Ni ma haka nake cewa, har ranar da na koyi gyaran hoto da hannuna.

Bara da rani muka samu wata tsohuwar kwamfuta a inda nake karantar da manya. Wani ƙanena ya sa mata wani kayan aikin gyaran hoto mai suna GIMP. Ɗalibai biyu ne na jami'ar Berkeley, a Amurka, suka fara ƙirƙiro shi a 1995. Kyauta ne, ko dala ba a biya, kuma an yarda kowa ya ɗauka ya ba wani. Cikin sati biyu na iya abin da ya ba ni tsoro.

Ga yadda aikin yake. Ka ɗauki ledoji masu haske, irin waɗanda ake ganin abu ta cikinsu, ka jera su ɗaya bisa ɗaya. A ta ƙasa akwai hoton gida. A ta sama akwai hoton mutum, an yanke shi daga wani hoto daban, an share duk abin da ke kewaye da shi. In ka duba daga sama, sai ka ga mutumin tsaye a ƙofar gidan, alhali bai taɓa taka garin ba. Akwai kuma wani abu mai aiki kamar yaɓe. Yadda kake ɗebo laka ka toshe tsagar bango, haka kake ɗebo launi daga gefe ka rufe tabo. Da shi ake gyara tsohon hoton da gara ta ci. Da shi kuma ake ɓatar da mutum ɗungurungum.

Kada ka ce abin na yau ne. A Tarayyar Sobiyet akwai wani hoto na Stalin yana tafiya a bakin ruwa tare da Yezhov, shugaban ƴan sandansa na ciki. Aka kashe Yezhov a 1940. Da aka sake buga hoton, babu shi, sai ruwa a wurin da yake tsaye. Lokacin nan ba kwamfuta, aikin gwanaye ne da buroshi da fenti. Abin da ya sake shi ne, yau malamin ƙauye irina ma yana iyawa.

To, labari ya bazu cewa mushe yana haɗa hoto. Cikin wata guda mutum biyu suka zo mini.

Ta farko ɗalibata ce. Mijinta ya rasu tana da ciki, yanzu yaron yana da shekara huɗu. Ta kawo ɗan hoton mijin, irin na katin shaida, ta ce in haɗa shi da na yaron, uba da ɗa a wuri ɗaya. Na biyu wani saurayi ne da ya dawo daga cin rani ba tare da abin kirki ba. Shi yana so in tsayar da shi a gaban wani babban kanti, jingine da mota, zai aika wa iyayen yarinyar da yake nema a wani gari.

Ka lura, aikin hannu iri ɗaya ne. Yanka, ɗorawa, gyara baki-baki. Kuma duka hotunan biyu suna nuna abin da bai faru ba. In ƙarya ita ce nuna abin da bai faru ba, to duka biyu ƙarya ne. Amma zuciyata ba ta yarda su zama ɗaya ba, na kwana ina neman dalili.

Sai na tuna da masu ɗaukan hoto na dā. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yana da rediyo da agogo da alƙalami da babur da yake ara wa masu zuwa. Mutum ya ɗora hannu a kan rediyon da ba nasa ba, a ɗauke shi. Ba wanda ya kira shi maƙaryaci, don duk gari an san kayan na mai hoto ne. Kwalliya ce, kamar aron babbar riga ranar salla. Wanda ya duba hoton ya san abin da yake dubawa.

Nan na samu abin awo. In aka gaya wa mai kallo yadda aka yi hoton, zai ci gaba da amfani ko kuwa? Hoton matar nan, ko ka faɗa wa duniya haɗi ne, ba abin da ya ragu. Za ta rataye shi a ɗaki, ta duba, ta ji sanyi. Hoton saurayin kuwa, ranar da surukai suka san haɗi ne, ya mutu. Rayuwarsa duka tana cikin rashin saninsu. Kuma abin da ake so su bayar saboda shi ba ƙarami ba ne, ƴarsu ce.

Na ce wa saurayin ba zan yi ba. Ya ji haushi, ya ce kowa na yi. Gaskiyarsa ta wannan fuska, shi ya sa nake so kai ma ka koyi duba. Dubi inuwa: in rana ta haska mutum ta dama, ta haska mota ta hagu, akwai magana. Dubi ƙafafu, ko sun taka ƙasa sosai. Dubi gefen gashi da na hula, nan yanka yake wuya. Sai dai kada ka dogara da wannan kaɗai, don yanzu akwai na'urori masu ƙera hoto daga babu, ba ɗinkin da za ka gani. Tambayar da ta fi ita ce wadda kake yi wa mai kawo labari: wa ya aiko, ina ya samo, me yake so in yi?

Saura matar. Ita ma akwai abin da ya dame ni. Ita ta sani, ni na sani, amma yaron fa? Zai girma yana ganin kansa kusa da ubansa, ya ɗauka ya taɓa zama a cinyarsa. Wata rana wani ya gaya masa da gatse. Na faɗa mata haka. Ta yi shiru, sannan ta ce in yi aikin, sauran ta san abin da za ta yi.

Da aka wanko hoton daga birni, ta zo da shi aji. Ta juya bayansa, ta karɓi biro. Wata bakwai ke nan da ta fara riƙe alli, hannunta bai saba ba. Sau biyu ta tambaye ni yadda ake rubuta ɗ mai lanƙwasa. Ga abin da ta rubuta: "Wannan hoto haɗi ne. Babanka ya rasu wata uku kafin a haife ka. Ni na sa aka haɗa ku."