Haƙƙin Zomanya a Kan Mai Kiwonta

Cin naman zomo halal ne, hadisin Anas a Bukhari da Muslim ya tabbatar. Abin tambaya shi ne yadda ake samar da naman. Zomanya na ɗaukar ciki na kusan kwana 31, kuma tana iya sake ɗauka washegarin haihuwarta. Wasu makiyaya sukan kai ta wurin namiji nan take, alhali ta tsige gashin ƙirjinta ta yi wa 'ya'yanta shimfiɗa, su kuwa tsirara suke, ba sa buɗe ido sai wajen kwana 10. Ni a ganina wannan cin amana ne.

Za a ce ai haka take yi a daji, Allah ne ya halicce ta haka. To, a daji tana iya guje wa namiji, ƙarancin ciyawa ma yakan tsayar da ita. Cikin keji an ƙwace mata wannan zaɓi, ya koma hannun mai ita. Haka yake a hadisin matar da ta kulle kyanwa har kyanwar ta mutu da yunwa, kullewar ce ta ɗora mata alhakin. Haɗa ciki da shayarwa yana ramar da uwa, nono ya ragu. A bar ta ta yaye 'ya'yan bayan mako 4 zuwa 6, ta murmure, sannan a yi barbara.