Bashin Da Rami Yake Bin Mu

Duk ginin da ya tashi sama, akwai ramin da ya yi ƙasa dominsa. A masarautar Daura, tun daga Zango har Mai'aduwa, kududdufai da ramukan burji su ne shaidar ƙasar da aka ɗiba aka gina soraye, aka shimfiɗa tituna. Da aiki ya ƙare sai a juya musu baya. Da damina su zama matattarar sauro, wani lokaci su ci yara. Da rani su koma juji. Shin wa ramin nan yake bi bashi?

Wani zai ce ɗan kwangilar da ya haƙa. Yana da kasonsa, amma ni a ganina duk wanda ya kwana a ɗakin ko ya bi titin ya ci moriyar ramin. Ashe kuwa bai kamata mu ci moriyar ganga mu ya da kwaurenta ba.

Biyan irin wannan bashi mai yiwuwa ne. A Bamburi, kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya, kamfanin siminti ya bar fako inda ya fasa dutse. A 1971 René Haller ya fara dasa itatuwan kasuwarina a wurin, ya saki ƙadandoniya tana cin ganyen da ya zube tana mayar da shi taki. Yau wurin daji ne mai dorina da raƙumin dawa, baƙi suna biya su shiga. Mu ma muna da gawo, da kurna, da bagaruwa, masu jure fari.

Sai dai akwai wani hanzari. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya raya matacciyar ƙasa yana da haƙƙi a kanta. To, ramin da makiyayi yake shayar da shanunsa, mai bulo yake ɗiban ruwa, matacce ne? Idan aka kewaye shi aka sa kuɗin shiga, an biya ƙasa bashinta da haƙƙin talaka.

Rijiyar Kusugu ta ishe mu darasi. Labarinta na ruwan da aka hana jama'a ne, sannan aka buɗe musu, shi ya sa har yau ake zuwa ganinta. Don haka a raya ramukan, a kafa inuwa, a gayyaci baƙi, amma a bar wa makiyayi mashaya.