Zakka Ma a Kan Hanyar Fatake Yake

Ɗana, kai da ke neman abinci a hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ko kana kan shinge da kaki, ko kana tuƙi, ko rumfa gare ka a kasuwar Jibiya, zauna mu yi magana. Ranar Larabar Toka an shafa maka toka a goshi don ka tuna kai ƙasa ne. Kwana arba'in na azumi aka ba ka kafin Ista, kuma suna tafiya.

Na san wuyar da kuka sha. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake garƙame ta har Maris 2024, ga 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu. Cikin irin wannan matsi ne baki ke sabawa da cewa kowa ma haka yake yi. Yau ka tauye mudu, gobe ka karɓi na goro a hannun direban da bai yi laifin komai ba, jibi ka miƙa jarkar fetur ba ka tambayi inda za ta ba, alhali zuciyarka ta san wanda ke jiranta a daji. Raunin ɗan Adam ke nan, ba ya faɗuwa rana ɗaya. Zunubi kamar gara yake, sai ya cinye azara kafin mai ɗaki ya farga.

Buɗe Bisharar Luka, sura 19. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, garin da fatake ke ratsawa, kuma dukiyarsa ba ta rasa haƙƙin mutane ba. Yesu ya sauka a gidansa tun bai gyara komai ba. Wannan ne ke sa ni hawaye, ɗana: alheri ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Sai bayan nan Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin abin da ya mallaka, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ba kuɗinsa ne ya sayi gafara ba, fansarmu Almasihu ya biya ta a kan gicciye. Amma wanda aka yafe wa ba ya iya kwana da kayan wani a aljihu.

Barin nama da rage ci suna da kyau, ka riƙe su. Sai dai kada ka tsaya nan. Je wurin fada ko fastonka ka furta abin da ka yi da sunansa, ba kwana-kwana. Tun 2023 Katsina ta samu nata dayosis na Katolika, bishop ɗinsa Gerald Mamman Musa kuma Bahaushe ne, don haka masu jin harshenka suna nan kusa.

Kafin Jumma'a Mai Kyau, nemi mutumin da ka cuta, Kirista ne ko Musulmi, ɗan Jibiya ne ko ɗan garin Ɗan Isa da ke tsallaken iyaka. Mayar masa da haƙƙinsa, ka roƙe shi gafara.