Bakin da Ya Faɗa da Hannun da Ya Rubuta

A shekara ta 1855 wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu ya sauka birnin Landan tare da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth. An haife shi a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. An kama shi bawa tun yana ƙarami, aka kai shi Borno, inda Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ƴanta shi. A Ingila wani malamin mishan, James Frederick Schön, ya zaunar da shi yana yi masa tambayoyi, yaro yana ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin garinsu, malami yana rubutawa. Da taimakon wannan baki Schön ya wallafa nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Shi kuwa Dorugu ya koma Afirka, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912.

Tambayar da labarin nan ke ɗauke da ita tana nan har yau a gaban duk wanda ya ɗauki alƙalami ya nufi zauren wani dattijo: ilimin da ya fito daga bakin wani, hannun wani ya rubuta, na wane ne?

Adalci ya sa a fara da yabon Schön. Bai ɓoye sunan yaron ba, ya sa shi a kan labarin rayuwarsa. Albarkacin haka ne Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarin zuwa Ingilishi a 1971 da sunan mai shi, albarkacin haka ne kuma mutanen Kance za su iya cewa ɗansu yana cikin waɗanda suka aza harsashin nazarin Hausa a Turai. Da Schön ya rubuta cewa wani baƙar fata ne ya gaya masa, da an binne Dorugu sau biyu. Wannan shi ne wajibi na farko a kan mai bincike, wato faɗin tushe: wa ya faɗa, a ina, yaushe. Malaman hadisi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke jero masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya kafin matani. Faɗin tushe yana biyan haƙƙi biyu, na wanda ya ba da labari, da na mai karatu wanda ke son ya bi sawu ya tabbatar. Ɗalibin da ya kwafi shafin wani ya sa sunansa a kai ya ci haƙƙin duka biyun, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Sai dai ambaton suna bai gama biyan bashi ba. Dorugu yaro ne a baƙuwar ƙasa, cinsa da makwancinsa suna hannun masu tambayarsa. Wanda ke cikin wannan hali, ina ya ga bakin cewa a'a? Wajibi na biyu ke nan, neman yarda daga mutumin da yake da ikon ƙi. A fannin likitanci an rubuta wannan ƙa'ida a Nuremberg a 1947, bayan ta'asar da likitocin Nazi suka yi wa fursunoni, aka ƙara ƙarfafa ta a Helsinki a 1964. Mai binciken tarihi ba ya riƙe da allura, amma shi ma yana iya yin rauni. Tsohuwar da ta ga baƙo ya shigo tare da ɗan saƙon mai gari za ta amsa duk abin da aka tambaye ta, ko da ranta bai so ba. Labarin asalin wani gida da ya taɓa bauta, ko na rikicin sarauta da bai huce ba, yana iya raba aure ko ya tayar da gaba idan ya fita da sunan mai faɗa. Saboda haka suna ma amana ne: a tambayi mai shi ko yana son a ambace shi, ko a sakaya.

Wani zai ce an rage wa mai bincike daraja. Shi ya yi tafiya, shi ya gwada ruwayar Maraɗi da ta Katsina, shi ya auna maganar maroƙi da takardar Bature, ya ware abin da ya tabbata daga abin da ake zato. Gaskiya ne, wannan aiki ne mai wuya, kuma don shi ne sunansa ke kan bangon littafi. Amma gwanintar masaƙi ba ta shafe haƙƙin wadda ta kaɗa zare. Mai binciken da ya nuna iyakar abin da aka ba shi da iyakar abin da ya ƙara, shi ne aikinsa ya fi fitowa fili.

Wajibi na uku shi ne mayarwa. Bubu Hama ya tara littattafan Larabci da na ajami waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH a Yamai, an kuma kafa cibiyar tattara tarihin baka, wadda ake kira CELHTO, a birnin a 1968. Manufar ita ce kada ilimin ƙasa ya zama sai an ƙetare teku kafin a same shi. Amma tsakanin Yamai da ƙauyen da aka ɗauko magana ma akwai nisa. Kundin da aka rubuta da Faransanci aka ajiye a kanta, jikokin mai labarin ba su san da shi ba, bai koma gida ba tukuna.

Nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suke da abin yi, tun da a yau ko wayar hannu ta isa a naɗi muryar dattijo. Malamin da ya aiki ƴan ajinsa su tambayo tarihin unguwa zai iya koya musu su fara da gaisuwa da bayyana nufinsu, su rubuta sunan mai magana da rana da wuri idan ya yarda, su bambanta abin da ya gani da abin da ya ji. Idan an gama, su koma zaurensa su karanta masa da Hausa abin da suka rubuta, su bar masa kwafi. In ya ce ba haka ya faɗa ba, a gyara a gabansa.