Inda Aka Ɗinke Buhu

Ɗan dakon da ya saba lodin albasa a Aliero ba ya cicciɓar buhun da aka taɓa ɗinkewa da garaje. Sai ya bi ɗinkin da yatsa tukuna, don ya san in buhu zai sake ɓarkewa, a nan ne.

Wannan ya faɗo mini a rai wata la'asar, a wani filin ƙwallo na Sabon Garin Jega. Wani yaro da bai wuce shekara 15 ba ya yi tsalle, ya diro a kan gefen tafin ƙafa, ya zube yana riƙe da idon sawu. Abokansa ko mamaki ba su yi ba. "Ƙafar nan ce dai ta bara," in ji ɗayansu. Karo na uku ke nan.

Targaɗe yawanci jijiyoyin gefen waje na idon sawu yake taɓawa. Kwana kaɗan kumburi ya sace, zafi ya lafa, yaro ya ɗaure takalmi. To amma aikin jijiyoyin nan ya wuce riƙe ƙashi. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka ƙasa. In sun ji rauni saƙon yakan makara, kafin tsoka ta gyara tsayuwa ƙafa ta riga ta gurɗe. Shi ya sa likitocin wasanni ba su da alamar da ta fi targaɗen baya nuna wanda zai sake yi, musamman cikin shekarar farko.

Karaya muna ba ta girmanta; daga garuruwa masu nisa ake zuwa wurin maɗoran Aliero. Targaɗe kuwa mun raina shi. A ja, a murza da man shanu, a gasa da ruwan zafi, shi ke nan.

Alhali gwajin da zai nuna ko ƙafa ta warke ko kwabo ba ya ci. Yaro ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya rufe ido, a ƙirga 30, sannan ya sauya. In mai ciwon tana rawa fiye da lafiyayyar, ba ta warke ba, ko me ya ce. Wannan tsayuwar kuma ita ce atisayen, kullum, na mako 6 zuwa 8. Wanda ya kasa taku huɗu bayan faɗuwa, a kai shi asibiti a ɗauki hoto.

Malam koci, kafin ka miƙa wa yaron da ya yi targaɗe riga ranar wasa, sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ka gani da idonka.