Cikin gurmi duhu ne, wa ke ganin aikinka?

Yau ga wata tambaya na kawo maka. Ka karanta ta a hankali, in dare ya yi ka kai ta dandali ku tattauna. Tambayar ita ce: in mutum ya yi aikin hannu, ya rage wani abu a inda ido ba ya gani, mai saye kuma ya biya ya tafi yana murna, shin an cuce shi ko ba a cuce shi ba?

Bari mu nemi amsa a wurin masu haɗa kayan kiɗa, don aikinsu yana da waje, yana da ciki.

Ka san gurmi, ka san goge. Daga Birnin Ƙwanni zuwa Malbaza har Illela ba wanda bai taɓa jin muryarsu ba. Amma ka taɓa zama kusa da mai haɗa su? Da fari sai ya zaɓi ƙwarya wadda ta ƙosa, ta bushe sarai. Ya kankare cikinta har ya yi sumul. Sannan ya jiƙa fatar guza, ya ɗaura a bakin ƙwaryar, ya ja ta ko'ina daidai, ya bar ta ta bushe. Ya sa sanda miƙaƙƙiya. Ya ɗaura tsirkiya, ya ɗora ta bisa ɗan icen nan da ake kira jaki. In goge ne, da izgar doki ake yin tsirkiyar. Da an rufe ƙwarya da fata, shi ke nan, ciki ya zama duhu. Ko ƙwaryar na da tsaga an liƙe, ko ba a kankare ta da kyau ba, mai saye ba ya sani ran kasuwa.

Haka jita take, wadda samari ke kaɗawa. Tsirkiyarta 6. Fuskarta katako ne siriri, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. In tsirkiyar ta ƙarfe ce, jan da take yi ya fi nauyin buhun siminti mai kilo 50. To, me ya hana katakon karyewa? Wasu ƴan itatuwa ne da ake mannawa daga ciki. In sun yi kauri, jita ba ta da murya. In sun yi siranta, fuskar ta kumbura ta lalace. Mai haɗawa yakan yi ta fiƙe su kaɗan-kaɗan, yana ƙwanƙwasa katakon yana saurare. Shi ma katakon sai ya yi shekaru yana bushewa kafin a taɓa shi.

A ƙasar Sifen an yi wani gwanin wannan sana'a, sunansa Antonio de Torres. An haife shi a 1817, ya rasu a 1892. A 1862 ya haɗa wata jita, ya yi bayanta da gefenta da kwali, amma fuskarta da ƴan itatuwan ciki ya yi su da katako mai kyau. Jitar ta yi murya. Ya nuna wa mutane cewa sirrin abin yana ga fuska da abin da ke ƙarƙashinta. Ado da fenti kuwa ido kaɗai suke ciyarwa.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Kada mu yi saurin yanke hukunci, mu ji ta bakin mai sana'a tukuna.

Zai ce maka: "Ni ma ina da iyali. Aiki nagari yana cin kwanaki. Mutum ya zo ya taya rabin kuɗi, kuma yana son kayansa gobe da safe. In na ce ya jira, sai ya wuce wurin wani. Abin da ya biya shi na ba shi. Araha ba ta ado. Ina laifina?"

Wannan magana tana da nauyi. Ba wanda aka ɗora wa ya yi aikin kwana goma a biya shi ladan kwana biyu. Kuma kayan araha ba abin kunya ba ne. Dubi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma ya kai shi ƙasashen duniya. Dubi Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa. Jitarsa ta fari da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, yau ga shi yana kiɗa har Amurka. Ba wanda zai ce an yi algus a cikin waɗannan kaya, don kowa na ganin gwangwani gwangwani ne, waya waya ce.

To, a nan ne bambancin yake. Akwai mai cewa: "Malam, kuɗinka ba su kai na babba ba, ga ƙarami, ƙwaryarsa na da liƙi, zai yi maka shekara guda." Akwai kuma mai shafa wa liƙin baƙi, ya yi shiru, ya karɓi kuɗi. Kayansu iri ɗaya ne, kuɗinsu ma ana iya samun ɗaya ne. Amma na farko ya bar wa mai saye zaɓi. Na biyu ya ƙwace masa zaɓin. Wanda aka ɓoye wa aibi bai yarda da ciniki ba, ko da ya ce "na saya", don abin da ya yarda da shi daban, abin da aka ba shi daban.

Wani zai ce: "To, in bai taɓa ganewa ba fa? Wanda bai san an cuce shi ba, ina ciwon yake?" Amsa biyu gare ni.

Ta fari, ice da fata ba su riƙe asiri. Hunturu zai zo, ɗanyen katako ya tsage. Damina za ta zo, fatar da ba a ja da kyau ba ta saki. Kuma ba a cikin ɗaki abin zai faru ba, sai makaɗi yana tsakiyar taron buki, inda yake neman abincin ƴaƴansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ta biyu ta fi ta farin. A ce ma har abada ba a gane ba. Akwai mutum ɗaya da ya sani, shi ne mai aikin. Hannun da ya saba ragewa yau, gobe ko ya so yin aiki nagari sai ya ƙi masa. Yaron da ke zaune gefensa yana koyo, shi ma abin da ya gani shi zai ɗauka. Da haka sana'a ke mutuwa a gari, ana nan ana cewa kayan kanti ne suka kashe ta.

Kai kuma mai saye, kada ka ce ba ruwanka. In kullum kai ne mai taya rabin kuɗi, kai ne mai cewa gobe-gobe, to kana tura mai sana'a bakin rami. Sauri ya haifi nawa. In mutum ya faɗa maka aibin kayansa, kada ka mai da gaskiyarsa sandar dukansa. In ka yi haka, gobe ba zai sake faɗa ba. Ka biya mai gaskiya haƙƙinsa, ka kuma kawo masa wani.

Wataƙila ka ce kai ba makaɗi ba ne, ba ka kuma haɗa gurmi. Amma kowa na da tasa ƙwaryar da yake rufewa. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen bakin teku. Mai cika buhu, me ka sa a tsakiya, irin na bisa ne ko ruɓaɓɓu? Ana yin siminti a Malbaza, amma magini ne ya san yawan da ya zuba cikin bulo kafin a shafe bango. Mai madara ta san ko ta ƙara ruwa. Mai noman ƙwadago ya san ko ya cire ciyawa ko turbuɗe ta ya yi. Ni mai koyarwa ma haka ne: in na bar ɗalibi yana haddace allo bai gane baƙaƙe ba, ranar jarrabawa ba za a gani ba, sai ranar da aka miƙa masa takardar awon kayansa.

Saboda haka ga ra'ayina. Ka yi aiki gwargwadon abin da aka biya ka, wannan ba laifi. Amma ka faɗi abin da ke ciki. In ba ka iya faɗinsa a gaban mai saye ba, to kada ka yi shi a bayansa.

Wannan nawa ne, saura naka. Tun da yanzu ka iya rubutu, ɗauki alƙalami ka amsa waɗannan, ka kai wa malamin ajinku a karanta gaban kowa:

1. A cikin sana'arka, wane wuri ne ido ba ya gani?
2. Ka taɓa faɗin aibin kayanka ga mai saye? Me ya biyo baya?
3. In aka ɓata aiki don an matsa wa mai yi, laifin wa ya fi yawa?

Allah ya ba mu sa'a, ya sa mu ci guminmu da halal.