Asalin da Muke Tinƙaho da Shi

Kowane ɗan Adam yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. Idan aka ci gaba da ninkawa har hawa 30, wato kimanin shekara 800 baya, lissafi zai ba da mutum fiye da biliyan ɗaya. A wancan zamani mutanen duniya gaba ɗaya ba su kai rabin wannan adadi ba. Ke nan dole kaka ɗaya ya riƙa maimaituwa a salsalar mutum ta hanyoyi da dama.

A gidajen sarautar Turai aka fi ganin haka, domin su ne suka rubuta nasabarsu daki-daki. Sarauniya Elizabeth ta Biyu da mijinta Yarima Philip, waɗanda suka yi aure a 1947, dukansu jikokin jikokin Sarauniya Victoria ne. Ita ta fito ta tsatson Sarki Edward na Bakwai, shi kuwa ta tsatson Gimbiya Alice. Saboda haka Sarki Charles na Uku ya haɗu da Victoria ta wajen uwa da ta wajen uba. Gidan Habsburg na Sifaniya kuwa ya matsa wa auren zumunci don tsare jini, har Sarki Philip na Huɗu ya auri 'yar 'yar'uwarsa. Ɗansu Charles na Biyu ya rayu cikin jinya, ya mutu a 1700 babu magaji, ƙasashen Turai suka shiga yaƙi a kan gadonsa.

To, 'yan'uwa, da wane asali muke tinƙaho? Maroƙi zare ɗaya yake ja, na uba da uban uba, ya bar dubban zarurruka a ƙasa. A cikin waɗanda ya bari akwai bayi da maƙera da mahauta, kamar yadda ake samun sarakai a salsalar talaka. Bambancin kawai shi ne an adana sunan wani, an manta na wani.

Sanin nasaba abu ne mai kyau, da shi ake sada zumunta, ake raba gado bisa Shari'a. Amma mun ɗauko wata ɗabi'a daga gida mun ƙetaro teku da ita: a hana yaro mai addini da sana'a aure, wai ba shi da asali. Uban da ya yi haka, in ya bi salsalarsa da gaskiya, zai tarar da kakan yaron nan a cikin nasa kakannin. Allah Ya sa mu gane.